Mita ɗaya, gida biyu

A bangon zauren gidanmu na Mubi akwai wata tsohuwar mitar wuta, baƙa, mai gilashi a gaba, irin wadda yanzu sai ka zagaye unguwa uku ba ka ga guda ba. Mahaifinmu ne ya sa aka kafa ta shekarar da falwaya ta iso layinmu. A cikinta akwai faifan alminiyam, siriri, a kwance, da ɗan baƙin zane a gefensa. In ana jan wuta a gidan sai faifan ya yi ta juyawa, zanen ya gifta ta gaban gilashi, ya ɓace, ya sake zagayowa. Ko shekarar da gari ya watse kowa ya gudu, da muka dawo mun tarar an kwashe mana har ƙyauren ɗaki, amma ita tana nan a manne. Shekara biyar na yi ina zama a gabanta, kuma ba don ta lalace ba.

Ni mai aikin wuta ne. Na koya a hannun wani dattijo daga duwatsun Michika, mutum mai ƙarancin magana da saurin ranƙwashi. Yana da wata na'urar awo a cikin akwatin katako mai hannun fata, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Allura gare ta, kuma a bayan allurar akwai siririn madubi. Kafin ka karanta sai ka kwantar da akwatin daidai, ka ƙwanƙwasa gilashin da farce don allurar takan maƙale, sannan ka rufe ido ɗaya ka daidaita kanka har allurar ta rufe inuwarta da ke cikin madubin. In ka leƙa ta gefe, za ta ba ka abin da ba shi ne ba, kuma laifin naka ne. Na sha ranƙwashi a kan wannan har na daina ƙirgawa.

Shi ne kuma ya nuna mini cewa mitar bango ma tana faɗin abin da ya wuce lambobin da ke fuskarta. Lambobin na masu karatun mita ne. Mai sana'a faifan yake kallo. Ya riƙe agogo, ya ƙirga sau nawa baƙin zanen ya wuce a minti ɗaya, ya duba abin da aka rubuta a ɗan allon da ke jikin mitar, sai ya gaya maka ƙarfin wutar da ake ja a lokacin. In hannunka ya faɗa, ba ka ma buƙatar lissafi. Tafiyar ƙwan fitila daban, ta fanka daban, ta dutsen guga kuwa gudu ce. Na iya wannan sosai, kuma na yi alfahari da shi fiye da yadda ya kamata.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a gidan, ni da yayana, wanda tun muna yara nake ce wa Hamma kamar yadda ake yi a nan. Ya ba ni shekara shida. Shi ya yi makarantar mishan ya zama Kirista, ni na tsaya a addinin iyayenmu, kuma a danginmu na ƙauyen Kwaja wannan ba abin ɗaga murya ba ne. Kusan kowane gida haka yake. Ran Sallah ya ci naman ragona ya ce ya yi tauri, ran Kirsimeti in ci shinkafarsa in ce gishiri ya yi yawa. Tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, mita ɗaya. Haka muka tsufa tare, har mahaifiyarmu ta rasu.

Da damina ne. Ta koma Kwaja don ta ga gyaɗarta, duk da mun hana ta. Ni kuma ina wani ƙauye can gaba da Maiha ina yi wa wani ɗakin shan magani wayarin. Aka kwana biyu ana ruwa, mayo, wato rafi, ya cika ya tumbatsa, ba mota ba babur, waya kuma ba ta shiga. Ta cika da safe. Hamma, da ke tare da ita a lokacin, ya kira limamin ƙauyen, mata suka yi mata wanka, aka yi mata salla, kafin la'asar an kai ta makwancinta. An ce shi ya tsaya a gefe da hularsa a hannu har aka gama. Sai rana ta uku na iso, taɓo har gwiwa, na tarar da tulin ƙasa.

Na san abin da ya yi shi ne daidai. Da ni ne a wurin, haka zan yi, ko minti ba zan ƙara ba. Amma zuciyata ta riga ta hau, kuma ni in ta hau ba ta neman shawarata. A gaban masu zaman makoki, maza cike da tabarmi, na dube shi na ce, “Kai da ka bar mata addininta, yau kai ne mai saurin cika sunna? Gawar mutanenku sai ta yi sati biyu a firji ana jiran na Legas, amma uwata ba ta isa a jira ni kwana biyu ba?”

Ya ce, “Abin da ta ce a yi mata, shi na yi.”

Na ce, “To daga yau ba ni da wa.”

Hamma ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa. Bai rama ba, kuma rashin ramawar ya fi ƙona mini rai.

Da muka dawo Mubi na sayi bulo na kira magini, ya ja katanga ta raba tsakar gidan biyu, doguwa, ta wuce kan mutum. Zaure da mita suka faɗo a ɓangarena, rijiya ta faɗa nasa. Hamma ya fasa ƙofa ta layin baya, ya riƙa fita ta can. Wayar da ke kai wuta ɗakunansa ta bi ta kan katangar, kuma ranar da aka gama ginin ina tsaye a kan tsani da filaya a hannuna. Magini ya ce, “A yanke ne?” Na ce masa wannan jan ƙarfen zamanin da ne, ba a samun irinsa yanzu, mai hankali ba ya lalata shi. Na sauko na mayar da filayar aljihu. Takardar wuta muka ci gaba da karɓa wata ni wata shi, kamar yadda muka saba.

A wurinmu in ƙarami ya yi wa babba rashin kunya, hanyar gyara ɗaya ce, kowa ya san ta. Ƙaramin ne zai je da safe, ya cire takalmi a ƙofa, ya tsuguna, ya ce ya yi kuskure. Babba ba ya zuwa, ko da ransa na so, don in ya je ya ƙara wa ƙaramin laifi a idon dangi. Sau biyu dattawan Kwaja suka zo mini a kan maganar. Na dafa musu shayi, na saya musu burodi, na raka su tasha. Tafiyar da ake so in yi ba ta kai taku ɗari ba in an zagaya ta layin baya, amma kullum sai in ce ba yau ba.

Shekara biyu bayan haka matata ta rasu. Hamma ya zo jana'iza, ya tsaya can baya tare da maƙwabtanmu Kiristoci. Na gan shi, ya ga na gan shi, na juya kai. Aka yi bakwai, aka yi arba'in, 'ya'yana suka koma Yola da Kano inda suke aiki, gida ya zama ni kaɗai. Ban taɓa sanin ɗaki huɗu na da yawa ba sai lokacin. Ga kunnena ya yi nauyi saboda shekarun da na yi a gindin janareta, ɗakin Hamma kuma yana can ƙarshen filin, don haka ko tarinsa ba na ji. Kaɗaici ya kama ni sosai, irin wanda mutum zai gama cin abinci ya rasa wanda zai ce wa miyar ba ta yi daɗi ba.

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a zaure, ban kunna komai ba don ba abin da nake son ji ko gani, sai idona ya faɗa kan mita. Faifan na gudu. Na tashi na zagaya ɗakunana, komai a kashe. Na dawo na tsaya. Ya yi gudu na ɗan lokaci, ya lafa, ya sake ɗauka. Dutsen guga ne, ba tantama. Hamma ne ke goge farar rigarsa ta zuwa coci, kamar yadda yake yi kowace Asabar tun matarsa na da rai, don bai taɓa yarda da gugar kowa ba. Har na ga yadda yake fesa ruwa da baki, da yadda yake turo leɓe in ya zo kan kwala. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna har ya gama.

Daga ranar na samu aikin yi. In an kawo wuta, sai in kashe duk abin da ke ɓangarena, in ɗauko agogo, in zauna. Cikin wata ɗaya na haddace yinin Hamma. Da hantsi faifan ya ɗan ƙara sauri, ya kunna rediyo. Da rana ta take, fanka. In fankar ta yi awa biyu, ya yi barcin rana. In ban ga fanka ba a watan zafi, to ya fita, wataƙila gona ko gaisuwar mara lafiya. Ina zaune ina yi masa faɗa ni kaɗai. “Ka tashi haka, barcin ya isa.” “Yau kuma ina ka je da wannan rana?” Abin da ban iya faɗa wa mutum ba na yi ta faɗa wa gilashi.

Abu ɗaya ne ya dame ni. A ƙarƙashin komai akwai wata tafiya a hankali da ba ta tsayawa, ko da rana tsaka. Na ƙirga na lissafa, ƙwan fitila ne guda, kuma irin na da, mai jan haske da zafi, wanda kowa ya daina amfani da shi tun da farare marasa cin wuta suka cika kasuwa. Na ce wannan tsoho dai ba ya canzawa. Rana na dukan ƙasa shi yana ƙona fitila. Wa zai gaya masa? Ni ne dai mai gaya masa, ni kuma ba na magana da shi.

Hamma yana da 'ya mace, malamar firamare a Bahuli, ita ma ta manyanta, da 'ya'yanta. Takan zo ƙarshen mako ta duba shi, kuma ba ta taɓa fasa zagayowa ta gaishe ni ba, duk da fuskar da nake sha mata. Wata rana ta shigo ba na ji, ta same ni a tsugune gaban mita da agogo a hannu, leɓena na motsi.

“Baffa, sannu da gida. Mitan ya lalace ne?”

Na ce, “Gwada ta nake yi.”

“Gwaji tun ɗazu? Na yi sallama sau uku fa.”

“Ke malamar makaranta ce ko mai aikin wuta?”

Ta yi murmushi ta ajiye mini ƙullin gyaɗa. Ta dubi faifan, ta dubi ɗakunana da ke a rufe. Na ji kunya kamar an kama ni da hannu a tukunya.

A lokacin ina da hita, irin wadda ake tsomawa a bokiti ko kofi, da ita nake dafa ruwan shayi safe da yamma. Hita kuwa ci gare ta. In na jona ta faifan ya haukace, rediyon Hamma da fankarsa su ɓace a cikin gudun. Ga shi wutar ba ta daɗewa, wani lokaci awa biyu a yini. Na ga ba zan ɓata ɗan lokacin da nake da shi ina kallon hayaniyar kaina ba. Sai na naɗe hitar na jefa ƙarƙashin gado, na sayi kurfoti da gawayi. Gugata ma na koma kai wa mai wanki. Ɓangarena ya yi tsit, faifan ya zama na Hamma shi kaɗai, ni kuma na ji daɗin dabarata.

Ba a daɗe ba 'yar ta zo ta same ni ina fifita gawayi, hayaƙi na shiga idona.

“Baffa, ina hitanka? Ba ka dafa shayi da shi kuma?”

Na ce, “Tana cin wuta.”

“Ko sau ɗaya a rana ka riƙa sa shi mana. Wannan hayaƙi ba kyau wa ƙirjinka.”

“Ƙirjin nawa ne ko naki?”

Bayan makonni ta sake tayar da maganar, har ta ce za ta sayo mini sabuwa. Na ce mata in kuɗi ne suka yi mata yawa, ta saya wa ubanta farin ƙwai ya daina ƙona na zamanin Turawa da rana tsaka. Ta dube ni wani iri. Ban tsaya tambayar kaina me kallon ke nufi ba, na ci gaba da fifita.

Akwai shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi sati biyar ba wuta. Mutane na kukan ruwan sanyi da cajin waya, ni abin da ya dame ni daban. Faifan ya tsaya cak, zanen ya maƙale a gefen hagu, kullum in fito in same shi a nan. Ban san ko Hamma ya tashi ba, ban san ko yana kwance ba. A sati na uku na kasa haƙuri. Na sa hula na zagaya layin baya. Na ga ƙofarsa, koriya, a saye, da takalmansa na roba a bakin dokin ƙofa. Na rage tafiya. Ƙafata ta dama har ta karkata. Sai wata mata ta fito daga gidan da ke kallon nasa ta gaishe ni da sunan da ake kirana, na amsa da ƙarfi, na wuce kanti na sayi sabulun da ba na buƙata. Na dawo ta doguwar hanya.

Da wuta ta dawo, abu na farko da na gani shi ne tafiyar ƙwan nan a hankali. Na yi hamdala a fili. Sai kuma ga gudun dutsen guga, ran Talata da hantsi. Na ce to, kaya sun taru. Amma Alhamis ma ya sake, Asabar ma haka, daga nan kusan duk ranar da aka kawo wuta. Kuma gugar ta canza. Mai goge kaya da gaske, dutsen na shan sanyin rigar, yana kamawa akai-akai. Wannan kuwa sai ya yi zafi sau ɗaya, ya yanke, ya daɗe shiru, ya ɗan kama, minti goma a cire. Na zauna na yi nazari irin na gwani. Na yanke hukunci cewa ko dai na'urar da ke yanke zafin ta fara lalacewa, ko kuma tsufa ya fara taɓa kan Hamma, yana jona abu ya manta me ya sa. Har na yi tunanin in aika a karɓo dutsen in gyara masa. Ban aika ba, don kada a ce na sauko.

Haka muka yi kusan shekara biyu. Sai wata Asabar aka kawo wuta tun safe, na zauna, ba rediyo. Rana ta take, ba fanka. La'asar ta yi, ba guga. Ƙwan kaɗai ke jan faifan a hankali. Na ce ya tafi Kwaja ya manta fitila, halinsa ne. Lahadi ma haka. Na sa hula, na sa takalmi, na kai har bakin zaure. Sai na tuna Lahadi ce, mutanen cocinsu kan biyo gaisuwa bayan an tashi, ba zan tsuguna a gaban baƙi ba. Na ce gobe Litinin da sassafe, ba kowa, zan je. Wannan karon da gaske nake, Allah ya sani.

Litinin ina ɗaura agogo 'yar ta shigo. Ba sallama, ba ƙullin gyaɗa. Ta durƙusa a bakin zaure ta ce, “Baffa, Baba ya tafi jiya da yamma.” Tun Juma'a aka kai shi asibiti. Na tambaye ta me ya hana a gaya mini. Ta ce shi ya hana, ya ce kada a jawo ni da labarin ciwo, in zan zo in zo don kaina. Na ce yaushe za a binne shi. Ta ce, “Sai ranan da ka sa. Ya ce wannan karo a jira ka.”

Aka jira ni, ni da ke bayan katanga. Muka kai shi Kwaja ran Alhamis. Na tsaya a gefe da hulata a hannu har aka gama, ban san waƙoƙinsu ba, ban san inda ake cewa amin ba.

Bayan kwana biyu ta ce in zo in ga kayansa kafin a raba. Na zagaya layin baya, na cire takalmi a bakin koriyar ƙofar, ko da yake ba sauran wanda zan cire wa. Shekara bakwai rabona da ɗakin. Ga gadonsa, ga rediyo, ga sanduna biyu a jingine. Ban san yana dogara sanda ba, mita ba ta nuna wannan. A ƙasa kusa da gado, inda hannu zai kai, ga dutsen guga a zaune kan bulo, bulon ya yi baƙi. A sama kuma ga ƙwan, ja, yana ci da rana tsaka, ba wanda ya kashe shi tun Juma'a.

Na ce, “Me yake gogewa kullum haka?”

Ta ce, “Ba komai. Shekara biyu ke nan bai je coci ba, ƙafa ya hana shi. Fasto ne yake zuwa masa gida.”

“To dutsen fa?”

“Tun ranan da na gaya masa na same ka gaban mita da agogo, ya yi dariya har ya yi hawaye. Ya ce, wannan ɗan banza, leƙe na yake yi. Da ƙafan ya kwantar da shi sai ya ce in ajiye masa dutsen a nan. In an kawo wuta ya sa shi, ya ce bari wancan ya san ban mutu ba.”

Na zauna a bakin gadon. Na nuna mata ƙwan.

Ta ce, “Wannan ai naka ne, Baffa. Tun da aka yi katanga yake barin shi. In ka sa hita a wancan gefe, wutan yana raguwa a nan, sai ya ce, ya tashi, yana shan shayi. Na kawo masa farin ƙwai har uku, ya ce su ba su nuna komai. Da ka daina, ya yi ta tambaya na ko ba ka da lafiya. Na ce lafiyanka ƙalau. Ya ce to me ya sa ya yi shiru? In ya sa dutsen sai ya kwanta yana kallon sama, ko za ka amsa. Ya hana ni in gaya maka. Na yi ta ce maka ka sa hitan.”

Wannan abu ne da ɗan koyo na wata uku ya sani. Waya ɗaya ta shigo mana daga falwaya, tsohuwa, in aka ɗora mata nauyi a gefe ɗaya dole fitilar ɗaya gefen ta dusashe. Na bayyana wa masu gidaje wannan ya fi sau ɗari. Ni da na iya karanta allura a madubi, na iya gane fanka daga rediyo ta bayan katanga, ban taɓa tambayar kaina da me shi yake ganina ba. Na zauna na kashe komai don in ji shi da kyau, shi kuma yana can yana jiran motsina.

Na ciro makullin gidana na miƙa mata. Na ce ta duba ƙarƙashin gadona, akwai hita a naɗe cikin leda, ta tsoma ta a bokiti ta jona. Ta dube ni, ta karɓa, ta fita. Na kwanta a inda yake kwanciya, kaina a kan matashinsa, na zuba wa ƙwan ido. Na ji ƙarar ƙofar layin baya, daga nan ban ƙara jin komai ba. Tafiyar ba ta da nisa, ban kai ga ƙirga ɗari ba.

Sai hasken ya yi ƙasa kaɗan, ya koma ruwan goro, ya tsaya a haka. In ba kana kallo ba, ba za ka ma lura ba. Iyakar abin da yake nema a wurina ke nan.